Abin da Na Karanto wa Baba a Laburare

Mahaifina limamin masallacin unguwarmu ne, a wani ƙauye yamma da Dawakin Tofa. Ba shi da wata sana'a bayan noma da karantarwa. In an idar da asuba yana ba manya karatun littafi a zaure, hantsi ya yi ya tafi gona. Ni ne babba a 'ya'yansa maza, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Tun da aka sa ni makaranta yake ce mini “ɗan boko”, har na yi aure na haihu sunan bai sauya ba. Bokon nawa kuwa bai wuce sakandare ba, ita ma da ƙyar na fita. Amma a gidanmu ni ke karanta duk takardar da ta zo da Turanci. In na ce ga abin da ta ce, Baba ba ya neman shaida ta biyu. Wannan yardar na ci amanarta, kuma ba a daɗe da yin abin ba, har yanzu ina cikinsa.

A ƙasarmu gona a matse take. Babu inda ake barin ƙasa ta huta, kowace shekara sai an kwashi takin awaki da tokar murhu an kai mata a amalanke. Mu a gidanmu gandu muke yi, wato ni da ƙannena muna noma gona ɗaya a ƙarƙashin Baba, amfanin ya shiga rumbu ɗaya, shi ke buɗewa ya ba kowace mace awonta. Gidaje da yawa sun daina haka, 'ya'ya sun rabe tun iyaye na raye. Mu kuwa ana misali da mu, kuma ina jin daɗin misalin fiye da yadda nake nunawa.

Wata bazara, kafin ruwa ya sauka, wakilin wani kamfani ya zo ƙauyenmu a farar mota. Matashi ne mai ladabi, ya durƙusa ya gaida dattawa yadda ya kamata. Ya ce kamfaninsu na neman farar dawa mai yawa. Za su ba mu irin wata gajeriyar dawa da takin zamani, in an yi girbi su zo har bakin gona su saya da farashin da ya fi na kasuwa. Magidanta sun taru a inuwar masallaci suna sauraro, bakin kowa ya cika da murna, amma babu wanda ya ce ya yarda. Duk suka juya suna kallon Baba. Haka garinmu yake, in abu sabo ne sai an ji ta bakin liman.

Baba tambaya ɗaya ya yi, ya ce me ake yi da dawa mai yawa haka. Wakilin ya ce abinci da abin sha ne, na yara da na manya. Baba ya ce to, zai yi nazari.

Da taro ya watse wakilin ya ja ni gefe. Ya ce sun saba ɗaukar ɗan gari mai iya rubutu, wanda zai rubuta sunayen manoma, ya raba iri, ya tsaya a kan sikeli ranar awo. Ya ce akwai babur a cikin aikin. Sai ya yi murmushi ya ƙara da cewa shi dai ya lura garin nan a bakin mahaifina yake, in ya ce a'a babu aiki babu babur. Tun daga ranar nake ganin kaina a kan babur ɗin.

Washegari bayan karatu Baba ya tsayar da ni a zaure. Ya ce amsar yaron nan ba ta ƙosar da shi ba, mai talla ba ya kushe kayansa. Ya ce in je in bincika masa su wane ne mutanen nan, daga ina suke, me suke yi da dawar, kuma in dawo masa da abin da na gani da idona. Na rasa ta inda zan fara, sai wani malamin firamaren garinmu ya ce in je laburaren wata kwaleji a birni, inda ɗalibai masu karatun kasuwanci suke bincike, ana barin mutanen waje su shiga in sun nemi izini. Na sauka a Bacirawa gidan yayata, daga nan nake zuwa kullum da safe.

Mai kula da sashen wata dattijuwa ce mai tabarau, ɗalibai na ce mata Hajiya. Na gaya mata ni manomi ne, mahaifina ya aiko ni. Ta ajiye abin da take yi ta ba ni kujera. Ta ce hanya biyu ake bi a san kamfani. Ko dai mutum ya tashi ya je ƙofar masana'anta ya yi ta tambaya, ko kuma ya fara karanta abin da wasu suka riga suka tattara, abin da kamfanin ya rubuta a kan kansa, da abin da jaridu suka rubuta, da binciken da ɗalibai da ma'aikatun gwamnati suka yi a kan masu saye. Ta ce wannan ta biyun ta fi sauƙi, da ita ake farawa. Amma duk takardar da na ɗauka in tambayi kaina wa ya rubuta ta, yaushe, kuma me yake so in yarda da shi.

Ta fara ɗauko mini wani ƙaton littafi mai jerin kamfanoni, kowanne da inda yake da abin da yake yi. Muka sami namu. A ƙasan sunansa akwai wani sunan da ƙananan haruffa. Ta ɗora yatsa a kai ta ce wannan da nake nema ɗa ne, ga uwarsa nan, kuma ba a sanin ɗan kamfani sai an san uwar. Daga nan ta kai ni gaban kwamfuta ta nuna mini yadda ake buɗe rahoton da manyan kamfanoni ke fitarwa duk shekara. Turancin ya yi mini nauyi, ta ba ni ƙamus ta ce kada in yi sauri.

Gaskiya na ji daɗin kwanakin nan. Wurin shiru, fanka na juyawa, ga ni zaune cikin ɗalibai ba wanda ya kalle ni a raine. Na karanta abubuwan da ban taɓa tunani ba game da mutanen da ke cin abin da muke nomawa. Na ga yadda matan birni masu zuwa aiki suka koma sayen garin kunun yara na cikin leda don ba su da lokacin surfe da niƙa. Na gane dalilin da ya sa ake son farar dawa a bar kaura, don farar ba ta rina abin da aka haɗa da ita kuma ba ta da bauri. Na ga masu yin biskit suna gauraya ta da alkama saboda tsadar alkamar. Duk rayuwata in buhu ya bar hannuna a kasuwa labarinsa ya ƙare, yanzu ga shi ina bin sa har bakin mai ci.

A cikin bin nasa na iso wani shafi na rahoton. An rubuta cewa kamfanin yana jiƙa dawa ta tsiro, ya busar, ya sayar wa masu biskit da masu lemon kwalba, amma babban mai sayensa ita ce uwar kamfanin, wadda ke da masana'antu a kudu. Sai wata kalma da aka yi ta maimaitawa a kan aikin uwar. Na duba ƙamus, na ga ma'anarta, na rufe, na sake buɗewa ko na yi kuskuren layi. Daga ƙarshe na tashi na kira Hajiya.

Ta karanta shafin a tsaye, ta ce, “Giya ce, malam. Babban aikinsu ke nan.”

Ta yi mini adalci, ta kuma yi wa kamfanin. Ta ce wani kaso yana tafiya biskit da lemo da gaske, kuma daga takarda babu yadda za a san buhun wane ya tafi ina. Amma mafi yawa can yake zuwa, su da kansu suka rubuta. Ta ga yadda na zauna na yi tagumi, ta ce kada in karaya, akwai masu haɗa abincin kaji da masu niƙa gari da su ma suke sayen dawa da yawa, in dawo gobe mu neme su a littafin. Na ce mata in sha Allahu. Ban koma ba.

A motar komawa gida na yi wa kaina fatawa. Na girma a zauren Baba, na sha jin yana karantar da cewa bai halatta ka sayar da inabi ga wanda ka san giya zai matsa da shi ba. Sai na kama “wanda ka sani” na riƙe. Baba bai sani ba. Mutanen gari ba su sani ba. In ban faɗa ba, babu laifi a kansu, laifin nawa ne ni kaɗai, ni kuma zan yi istigfari. Har na riƙa jin kamar wata sadaukarwa nake yi domin talakawa su samu. Babur ɗin kuwa ban bari ya shigo cikin lissafin ba, alhali shi ke tuƙa lissafin gaba ɗaya.

Na tarar da Baba a zaure bayan la'asar. Na zauna na zuba masa labari, kuma duk abin da na faɗa gaskiya ne. Na gaya masa na biskit, na kunun yara, na matan birni, na dalilin son farar dawa. Ya yi ta gyaɗa kai, abin ya burge shi, har ya ce ashe su ma 'yan kasuwa suna da littattafansu. Da na gama ya dube ni.

“To babu wani abin ƙi a ciki, ɗan boko?”

“Ban gani ba, Baba.”

Ya ce alhamdu lillahi. Ya sa mini albarka, ya yi wa matar da ta taimake ni addu'a duk da bai san ta ba. Da magariba ya gaya wa jama'a cewa ya sa an bincika, bai ga laifi ba, mai so ya shiga. Kusan gari duka ya shiga. Har daga wajen Shanono wasu suka aiko suna tambaya, ya ce musu ɗansa ya je gidan littattafai ya duba da idonsa.

Na sami babur. Daminar ta yi kyau, dawar ta yi zangarniya manya a kan ɗan gajeren kara. Mata ne kawai suka yi ƙorafi, suka ce karan bai isa darni ba bai isa girki ba, aka yi musu dariya. Ranar awo manyan motoci suka shigo har bakin gona, ina tsaye a kan sikeli da biro a kunne. Kafin a ɗora buhu ko ɗaya Baba sai da ya fitar da zakka, yana aunawa a hankali kada haƙƙin wani ya maƙale. Ina kallonsa. A kakar nan aka yi karo-karo aka rufa wa barandar masallaci kwano.

Zan so in ce na kasa barci ko abinci ya daina yi mini daɗi, amma ƙarya ce. Na ci na ƙoshi, na yi ƙiba. Ina bin Baba salla sahun gaba. Istigfarin da na yi wa kaina alkawari ma bayan 'yan makonni na manta da shi. Da aka shiga shekara ta biyu abin ya zama kamar wani tsohon mafarki.

A ƙarshen kaka ta biyu idon Baba ya fara yana, na ɗauke shi a babur zuwa asibitin ido a birni. An duba shi da wuri, aka ba shi maganin ɗigawa aka ce ya dawo. Muna fitowa ya ce tunda ga mu a birni kuma rana ba ta yi ba, in kai shi ya ga gidan littattafan nan. Ya ce tun ranar da na ba shi labari abin ke ransa. Na ce da nisa. Ya ce ai ba a ƙafa muke ba. Na ce wataƙila suna hutu. Ya yi dariya ya ce ko dai ɗan boko kunyar a gan shi da tsoho mai rawani yake ji. Na tada babur ina addu'ar Allah ya sa matar ba ta nan. Ka ji irin addu'ar da nake yi a lokacin.

Tana nan. Baba ya shiga da sallama yana tafiya a hankali tsakanin kantocin, yana shafa bayan littattafan da tafin hannu. Ya tambaya ko akwai na Larabci, ta kai shi ta nuna masa, ya ciro ɗaya ya kusanto da shi fuska ya karanta layi biyu ya mayar. Ta ba shi kujera ta rusuna ta sake gaishe shi. Ta gane ni, don ta ce ba kullum manomi ke shigo musu ba. Baba ya ce ya zo ne ya yi godiya da bakinsa, taimakon da ta yi wa ɗansa gari guda ya amfana.

Ta ji daɗi, ta ce, “Ai Baba kun yi tarbiyya. Ranar da ya ga dawar giya ake yi da ita, na tausaya masa, ya daɗe a zaune ya kasa tashi. Na yi ta jiran ya dawo mu nemi wasu masu sayen. Ashe kun samu?”

Baba bai dube ni ba. Ya ce mata in babu takura ta buɗe masa wurin ta karanta masa, ta fassara a hankali, shi ba ya jin Turanci. A nan ta kalle ni, na ga ta gane. Ta yi jinkiri, ya ce, “Karanta, 'yata, ba komai.” Ta buɗe kwamfutar ta karanta. Ya tambaye ta ko a wancan lokacin ma haka aka rubuta, ko daga baya aka ƙara. Ta ce rahoton waccan shekarar ne, shi ɗin dai. Muryarta ta yi ƙasa, ta ce ya yi haƙuri, ta ɗauka ya sani. Ya ce ita aikinta ta yi, kuma ta yi shi da amana, Allah ya saka mata. Ni ko kallona ba ta sake yi ba.

A waje na jawo babur na tsaya a gabansa. Ya ce in nuna masa inda ake shiga motar garinmu. Na ce Baba ga rana, ga magani a idonku. Ya ce in nuna masa dai. Na tura babur ɗin muna tafe a ƙasa har bakin titi, na tsayar masa da mota, ya shiga ya zauna cikin mutane da buhunan kaya. Na bi bayan motar tun daga birni har mararrabar garinmu, in ta tsaya sauke fasinja in tsaya, ina hango farin rawaninsa ta gilashin baya.

Da muka isa gida bai shiga ciki ba, ya zauna a zaure ya ce in zauna. Ya ce abu ɗaya yake so ya sani, na gani na gane, ko kuwa Turancin ne ya fi ƙarfina. Ƙofa ya buɗe mini, na sani, da na ce ban gane ba zai karɓa ko da bai yarda ba. Na kasa bi ta nan, amma maimakon in ce na yi laifi in yi shiru, sai na ɗauko fatawata. Na ce na ga in ba ku sani ba babu komai a kanku, shi ya sa na ɗauke muku.

Ya ce, “Ai don in sani na aike ka.”

Ya tashi ya yi alwala.

Bayan sallar magariba ya miƙe ya fuskanci jama'a. Ya ce shekara biyu da suka wuce ya gaya musu magana a kan kamfanin dawa ba tare da ya tabbatar ba, yau ya tabbatar, ga abin da ake yi da ita. Ya ce shi ya ce su shiga, don haka yana neman gafararsu, kuma shi daga bana ya fita. Bai ambace ni ba. Ina zaune a sahun gaba kowa ya san wanda aka aika, amma ya ɗauki abin ya ɗora wa kansa, na bar shi ya ɗauka.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ɗaci a bakina, ko da yake ni ne na ƙarshen wanda ya isa ya yi magana. Na zaci za a taso mini. Babu wanda ya taso mini, Baba aka ji wa haushi. Wani sa'ansa, maƙwabcinmu a gona, wanda suke wasa tun suna yara, ya tare shi a ƙofar masallaci yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce, “Liman, kai da aka kai gyaran ido, wa ya ce ka gyara namu? Da ka bar mu yadda muke.” Wasu suka ce dawar da ake kaiwa kasuwa ma wa ya san inda take kwana. Wasu suka je birni suka tambayi wani malami, suka dawo da cewa tunda ba mai giyar ake sayar wa kai tsaye ba, kuma ana yin halal da wani kaso, akwai sauƙi. Baba bai ce malamin ya yi kuskure ba. Ya ce kowa ya bi abin da zuciyarsa ta natsu da shi, shi tasa ba ta natsu ba. Ya daina zama a barandar masallaci, in ya idar ya fita ta ƙofar gefe. Masu zuwa karatun safe suka ragu, don zama gabansa ya zama musu nauyi.

Ni fa? Na ce wa kaina zan mayar da babur, amma bari a gama biyan manoma tukuna. Aka gama, na ce bari a wuce azumi. Bazara ta zagayo, wakilin ya kawo iri, mutane suka yi layi a ƙofar gidanmu, gidan liman, na fito da biro na hau rubuta sunaye. Baba ya fito zai tafi masallaci, ya ratsa ta cikinsu yana amsa gaisuwa.

Bayan 'yan kwanaki ya aika a kira ni gona. Na tarar da shi da ƙannena da dattawa biyu na unguwa, ɗayansu maƙwabcin nan mai wasa da shi, ranar kuwa babu wasa a bakinsa. Baba ya ce ya tara su ne su shaida zai fitar mini da rabona daga gandu. Ya riƙe kafaɗar ƙanena ya taka gonar da sanda, yana nuna inda za a ja layi. Ɓangaren da ya ba ni shi ne mafi kyau, na kusa da gida, wanda ya fi shan taki. Da ya ba ni tudun nan mai tsakuwa da na sami abin riƙewa a raina, amma bai ba ni wannan damar ba. Ya sa aka saro saiwar gamba, ciyawar da muke dasawa a kan iyaka, ya ce ni zan dasa da hannuna. Na durƙusa ina dasawa suna tsaye.

Da na kai ƙarshe ya ce, “Daga nan zuwa can naka ne. Abin da ka shuka, da wanda ka sayar wa, kai za a tambaya.”

Aka gina mini rumbu a bayan ɗakina, matata ta koma dafa tukunyarta. 'Ya'yana suna ci a kwanon kakansu kamar da, ba ya hana su. In matata ta aika masa da tuwo yana karɓa ya sa albarka, sai a ga kwanon a gaban baƙo ko a hannun jikoki.

A wannan daminar ban shuka irin kamfani ba, kaura na shuka. Da kaka na kai babur ɗin ofishinsu na ajiye makulli. Wakilin bai ko tambaye ni dalili ba, kafin mako ya zagayo ya ba ɗan maƙwabcinmu, motoci suka zo awo kamar kullum. Na dawo a motar haya na sami Baba a zaure, na gaya masa. Ya ce Allah ya karɓa. Na daɗe a durƙushe, sannan na ce ina roƙon a cire gambar nan in dawo cikin 'yan'uwana.

Ya ce, “Na yafe maka tun a cikin mota, ɗan boko. Gonar dai a bar ta haka.”

Bana damina ta biyu ke nan ina noma ni kaɗai. Gambar ta kama, ta kai ƙugu. In rana ta take ƙannena sukan ajiye fartanya su taru da Baba a gindin ɗorawar da ke ɓangarensu, a kawo fura. Sukan ɗaga hannu su kira ni, Baba ma yakan ce a kira shi. Nakan tsallaka in je, a miƙo mini ludayi in sha, a yi hirar ruwa da ta ciyawa. In an tashi su nufi kunyoyinsu, ni in sake tsallakowa.